Sufeto a Kantin Jaka

Tun da Sufeto ya yi ritaya daga aikin duba makarantu, abin da ya rage masa na dubawa shi ne gidansa, gidan kuwa yana da shugabarsa tun tuni, kuma ba ta karɓar shawara daga waje. Matarsa ke nan. A asibitin haihuwa inda take aiki Sista ake ce mata, sunan ya biyo ta har gida ya samu wurin zama. Shi ma haka yake kiranta, sai in zai roƙi wani abu ne yake cewa Maman yara.

Sista mace ce mai baki. Kafin ta cire takalmin aiki ta riga ta sanar da shi cewa ya bar fanka tana juyawa a ɗakin da ba kowa, ya sha shayi ya bar kofi kamar yana da mai yi masa hidima, sabon likitan da aka kawo musu kuma ko jijiya bai iya nemowa ba. Sufeto yakan sauke jarida ya saurara da fuskar mutumin da aka zalunta. Da za a tambaye shi abin da yake nema a sauran rayuwarsa, cewa zai yi a bar shi ya ji shiru. To, sai aka ba shi shirun, ya rasa yadda zai yi da shi.

Abin ya fara ne da dawowa a makare. Ta shigo tana jan ƙafa, ta gaishe shi ciki-ciki, ta wuce ɗaki. Washegari ya bar kofi a tsakiyar tebur da gangan, har da ragowar shayi da cokali a ciki. Ta ɗauke, ta wanke, ba ta ce uffan ba. Nan ne hankalinsa ya tashi. Ya kunna fanka a ɗakuna biyu ya fita tsakar gida ya zauna yana jira. Ta bi ta kashe su ɗaya bayan ɗaya. Da abin ya kusa mako, wata yamma ya same ta zaune a bakin gado tana shafa wa hannuwanta wani mai mai ƙamshi da autarsu ta manta da shi lokacin da ta zo hutu. Tana juya tafin hannun tana kallo, kamar na wata ne aka ba ta aro.

"Maman yara," ya ce.

"Me kake so?"

"Ba abin da nake so. Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu."

"To wa za mu kashe?"

Ba ta yi dariya ba, amma ta matsa masa ya zauna. Labarin ya fito gutsure-gutsure, sai da ya yi ta tono kamar mai neman gaskiya a bakin hedimasta.

Tsakanin asibiti da inda take shiga mota akwai titin manyan kantuna. A cikinsu akwai wani mai gaban gilashi, faɗinsa ya kai aji biyu, kayan da ke ciki kuwa yaro ɗaya zai iya kwashe su a tafiya guda. Kowace jaka tana zaune ita kaɗai a kan dandamalinta, da fitilarta a kanta. Watanni ke nan Sista tana wucewa tana kallon wata ƙarama mai ruwan zuma. Ita dai duk tsawon aikinta baƙar jaka take ratayawa, babba, mai ɗaukar lema da tocila da abincin rana da magungunan maƙwabta. Ran nan ta tashi daga aiki da wuri, ƙafa ta kai ta ƙofar, ta shiga.

"Ba saya zan yi ba," ta ce. "So nake in ji nauyinta kawai. Sai ga wata yarinya doguwa da farar safar hannu. Ta dubi takalmina, ta dubi jakata, ta ce, 'Mama, ko ɓatan hanya kika yi?' Na ce a'a, jakar can nake so in duba. Ta ce daga nan ma ana gani. Ni kuma na miƙa hannu na ɗaga ta."

"Sai me?"

"Sai ta karɓe. Ta ciro wani ƙyalle ta goge hannun jakar. A gabana. Ta goge sama, ta juya ta goge ƙasa. Ko sauri ba ta yi."

Sufeto ya gyara zama, don ya san a nan ne labari zai yi daɗi. Wannan matar ce ta taɓa tsayar da shugaban asibiti a baranda har sai da ya ba mai shara haƙuri.

"Kika ce mata me?"

"Na ce na gode."

"Kika ce me?"

"Ka ji ni ai. Ni ce na ce na gode. Ina juyowa mai gadi ya riga ya buɗe mini ƙofa." Ta rufe kwalbar man. "Hannun da nake wankewa har fata ta gaji."

Tun daga ranar ta daina bin titin. Ta bayan garejin masu gyaran mota take zagayawa, hanya mai hawa, ga gwiwa ba lafiya. Shi ya sa take dawowa a makare.

"Zan je," in ji Sufeto.

"Ka je ka yi me?"

"In duba su."

"Don Allah ka zauna," ta ce, amma a hankali ta faɗa, ba tsawa ba harara. Da ta daka masa tsawa da ya zauna. Da yake a hankali ta faɗa, sai ya tabbata tafiya ta kama shi.

Washegari bayan ta tafi aiki ya shirya jawabinsa yana kai da kawowa a falo. Yadda ya saba ya tsara shi: gabatarwa, abubuwan da aka gano, sannan shawarwari. Akwai wani wuri a tsakiya inda zai ɗan yi shiru ya cire tabarau, wanda a zamaninsa ya sa manyan malamai sun nemi wurin zama. Ya gwada a gaban madubi, abin ya ba shi tsoro shi kansa.

Sannan ya buɗe kabad. Ya ciro kwat ɗinsa mai ruwan toka, wanda ba ya fita sai ranar da za a rufe makaranta ko a buɗe ta. Ya goge baƙin takalminsa har ya ga fuskarsa a ciki. Ya ɗaura agogon da aka ba shi ranar ritaya, ya fesa turare. Shekara da shekaru ya yi yana koya wa ƙananan ma'aikatansa cewa ba a sanar da makaranta ranar zuwa, domin duk makarantar da ta san kana tafe za ka tarar an share, an shafa wa duwatsu farar ƙasa, an tura daƙiƙai bencin baya. Bai zo masa a rai ba cewa kwat da agogo ma sanarwa ne, kuma masu kanti sun fi hedimasta iya karanta ta.

Tun yana tsallaken titi mai gadi ya hango shi. Kafin ya iso ƙofa ta buɗe.

"Barka da zuwa, ranka ya daɗe."

Sanyi ya buge shi, da ƙamshin sabuwar fata. Ga yarinyar nan, doguwa, da farar safar hannu, ba ko shakka ita ce. Ya ja numfashi zai fara gabatarwa.

"Sannu da zuwa, Yallaɓai," ta ce, da murmushin da ya kai har ido. "Ka sha rana. Ga kujera."

Bai yi niyyar zama ba. Amma kujerar ta riga ta zo bayan gwiwarsa, kuma da ya zauna sai ta nemo daidai wurin nan na ƙugunsa da ke damunsa ta tallabe. Aka kawo shayi a wani kofi mai sirantaka har haske na ratsa shi, da biskit guda ɗaya a gefe. Ya yi niyyar ƙin sha. Sai dai ya tuna cewa mai dubawa yakan fara da lura, kuma ba laifi a yi lura ana kurɓa.

Matsalar ita ce, jawabin nasa gaba ɗaya an gina shi ne a kan cewa za a yi masa rashin kunya. Ya jira. Ba a yi ba. Ya yi tari mai ƙarfi ba tare da ya rufe baki ba, aka miƙo masa ruwa. Ya miƙa ƙafa ya tare hanya, aka zagaye shi da ladabi. A ƙarshe ya nuna jakar mai ruwan zuma da yatsa, ya yunƙura zai damƙe ta da hannu biyu don a hana shi.

"Zauna abinka, Yallaɓai." Yarinyar ta sauko da jakar ta ɗora masa a cinya. "Taɓa ka ji. Ai don a taɓa aka yi ta."

Ya taɓa. Laushi kamar kuncin jariri. Ya ji haushin yadda ta yi masa kyau.

"Madam za a yi wa tsaraba?"

"Eh to," ya ce.

"Wace irin mace ce Madam? Mu a nan mukan zaɓa wa mutum jaka daidai da halinsa."

Wannan tambaya ce da ake koya musu, suna yi wa duk namijin da ya shigo shi kaɗai da takalmi mai ƙyalli. Sufeto bai san haka ba. Abin da ya sani shi ne, tun da ya yi aure ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya tambaye shi wace irin mace ce matarsa.

Ya ce mata mace ce da ba ta iya raɗa ba. In ta yi maka sirri maƙwabta za su zo jaje. Ya ce in suka shiga kasuwa tare ba sa fita da wuri, don mata na ta tare ta suna turo yara gaba, suna cewa gaida wadda ta karɓi haihuwarka. Ya ba ta labarin lokacin da aka yi masa aiki a ciki, ya kwanta ya ce shi kam ya gama tafiya a duniya, matar nan ta zauna a gefen gado ta yi ta gaya masa maganganu har ya tashi ya taka, don kawai ya bar mata ɗakin. Ya ce daga baya ne wata ma'aikaciya ta gaya masa cewa kullum in ta fita daga ɗakin, bayan ƙofa take tsayawa ta share hawaye. Aka ƙaro shayi. Ya ce ba ta taɓa saya wa kanta abin da ba shi da amfani ba, kuma shi, da yake mutum ne mai lura, bai taɓa lura da hakan ba sai kwanan nan.

Yarinyar ta karkatar da kai tana saurare. "Gaskiya ka yi dace, Yallaɓai. Irin waɗannan matan muke so mu ga sun riƙe kayanmu. Ka kawo mana ita mu gaisa."

"Ai ta zo."

"Nan?"

"Makon jiya. Da farin takalmin roba na asibiti, da baƙar jaka babba. Wannan jakar ta ɗaga. Kika karɓe kika goge tana tsaye."

Jawabin ke nan gaba ɗaya. Ko tabarau bai samu ya cire ba.

Murmushin ya sauka daga fuskar yarinyar a hankali. Ta ɗaga ido sama tana tunani, ya gane kallon, don ya sha ganinsa a fuskar ɗalibin da ke ƙoƙari da gaske.

"Wace rana ce, Yallaɓai? Da safe ko da yamma?"

Ba zillewa take yi ba. Nema take, sai dai masu irin takalmin da ta goge bayansu suna da yawa, ta rasa wadda za ta zaɓa. Ya dube ta da kyau a karo na farko. Ba za ta girmi autarsa ba. Tana ɗaga ƙafa ɗaya tana sauke ɗaya a cikin takalmi mai tsini, kujera kuwa guda ce a kantin, shi ke kanta.

"An ce mu riƙa gogewa," ta ce, murya ƙasa-ƙasa.

Kafin ya amsa manaja ya fito daga wata ƙofa da ba a ma san da ita ba, mutum mai murya kamar ta mai karanta labarai. Ya ji abin da ya faru, ya haɗa hannuwa, ya ba da haƙuri. Haƙurin yana da gabatarwa, yana da abubuwan da aka gano, yana da shawarwari. Sufeto ya yarda a ransa cewa ya fi nasa tsari. Za a ja wa ma'aikaciya kunne. Za a aika wa Madam furanni. In ta ga dama a rufe kanti ita kaɗai ta zo ta duba kaya a natse. Duk tsawon bayanin idon manaja yana sauka kan agogo, ya gangara kan takalmi, ya dawo.

"Ba ni aka yi wa ba," in ji Sufeto, "ba ni zan karɓa ba. Yarinyar kuma a bar kunnenta, abin da aka koya mata ta yi."

Ya miƙa jakar. Ya yunƙura zai tashi da martaba, kujerar ta riƙe shi, sai a yunƙuri na biyu ta sake shi. A bakin ƙofa ya juyo don ya faɗi kalma ta ƙarshe, wadda za su daɗe suna tunawa. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Na gode da shayi."

A waje ya tsaya gefen titi yana jiran motoci su wuce, yana jin haushin kansa. Sai ya waiwaya. Ta cikin gilashi ya hango yarinyar da ƙyallenta. Ta goge hannun jakar, sama da ƙasa. Ta goge ƙasan jakar inda ta zauna a cinyarsa. Ta mayar da ita kan dandamali, sannan ta sunkuya ta goge hannuwan kujerar, duka biyun. Manaja na tsaye yana nuna mata wurin da ta tsallake. Sufeto ya daɗe yana kallo, har motoci suka tsagaita suka sake cikowa.

Ya tarar Sista ta dawo, tana zaune a falo ta miƙe ƙafa a kan ƙaramin tebur. Ta dubi kwat, ta dubi takalmi.

"Ka je ke nan."

"Na je."

"Na ce ka zauna."

"Ai na zauna. A can." Ya tsaya a gabanta, hannu a baya. "Abin da na gano shi ne, nawa ma sun goge."

"Naka me?"

"Hannuna. Jakar, da kujerar da na zauna a kai. Bambancin kawai, ni sun jira na fita."

Ta dube shi daga sama har ƙasa. "Da kwat ɗin da komai?"

"Da agogo ma."

Daga kafaɗa abin ya fara. Ta toshe baki da bayan hannu, ya ƙi toshuwa. Ta yi dariya har ƙafarta ta zame daga kan tebur, ta kama gwiwa tana cewa wayyo tana ci gaba. Sufeto ya tsaya da fuskar mutumin da aka zalunta.

"To me ka ce musu?" ta tambaya tana share ido.

"Na nuna musu kuskurensu."

"Me ka ce musu, na ce."

"Na ce na gode da shayi."

"Shayi suka ba ka?"

"Kofi ɗaya."

Ta zuba masa ido.

"Biyu."

"An wulaƙanta matarka, ka sa kwat ka fesa turare ka je ka shanye musu shayi kofi biyu. Sannu, jarumi. Da sun ƙara maka na uku ai da kai za ka taya su goge-gogen. To hirar me kuka yi har kofi biyu?"

Ya dubi fanka. "Taki."

Sai da ta matsa masa ya faɗa, shi ma gutsure-gutsure: raɗar da ba ta iya ba, matan kasuwa, aikin da aka yi masa, bayan ƙofa. Da ya zo kan bayan ƙofa ta kawar da kai tana gyara ɗankwalin da bai goce ba.

"Wa ya gaya maka wannan?"

"An dai gaya mini."

"Ƙarya ne, mura nake yi lokacin. Kuma ka ɗauki sirrin gidanka ka kai wa 'yar mutane mai safar hannu. Ashe duk ka iya faɗin wannan, amma sai a kanti?"

"A gida ba a ba ni fili."

"Mako guda na yi shiru."

"Tsoro ya hana ni."

Ta ja tsaki, amma ta janye ƙafa ta ba shi wuri a kujera. Ya zauna. Tasu kujerar ba ta san inda ƙugunsa yake ba, bai kuma yi ƙorafi ba.

"Ka ɗaga ta?" ta ce bayan ɗan lokaci.

"Na ɗaga."

"Me za ta ɗauka? Ko lema ba za ta shiga ba."

"Kyau dai tana da shi."

"Tana da shi," ta yarda. Ta murza gwiwa. "Gobe ta titin zan biyo. Ba zan kashe ƙafata a hawan gareji ba saboda yarinyar da ko kai ba ta bari ba."

"In zo in raka ki?"

"Ka zo ka yi me? Ina juya baya ka shige ka sha shayi. Zauna a gida. Kuma tun da ka zauna, bari in gaya maka abin da ka yi ranar Litinin."

Sufeto ya kwance agogo ya ajiye a kan tebur, ya jingina. Maganar mako guda ce ta taru, kuma ga dukkan alamu ba ta da niyyar tsallake ko ɗaya.